Bushewar baki: yawun kwalba, cingam ko ƙwaya?

A da, gidanmu mutum biyu ne ke kwana da ruwa a kusa da kai. Umma da gorarta a gefen filo, Kawu kuma, ƙanenta, da 'yar butarsa a bakin katifa. Kukansu ɗaya ne: baki ya bushe ƙamas, harshe ya manne wa ganɗa, da asuba sai an jiƙa shi kafin salati ya fita. Da na ga kukan ɗaya ne sai na ɗauka maganin ma ɗaya ne. Na sa aka kawo mini abin feshin nan da ake kira yawun roba, kwalba biyu, na ba kowa tasa. Sai da na yi wata uku ina zuba kuɗi kafin wata likitar haƙori ta nuna mini ciwo biyu nake jinya.

Ranar da muka je, ta sa ɗan madubinta a cikin kuncin Kawu. Da ta zo cirewa sai ya kama fatar, kamar ana ɓare leda daga jikin alala. Ta ba kowannensu ɗan kofi, ta ce su zauna minti 15, ba magana ba haɗiya, duk abin da ya taru a baki a tofa a ciki. Wanda bai tara mililita ɗaya da rabi ba a wannan lokaci, abin da bai kai sulusin cokalin shayi ba ke nan, yawunsa ya yi ƙasa da ƙima. Su biyun duka sun gaza. Sai ta ba su cingam marar suga, ta ce su tauna minti biyar su sake tofawa. Kofin Umma ya taru har ana iya kaɗa shi. Na Kawu 'yar kumfa ce mai kauri, tana jan zare daga leɓensa.

"Mama, ke rijiyarki da ruwa, guga ne ya tsinke," in ji ta. "Shi kuwa Malam tasa ta ja baya sosai, sai dai mu riƙa kira masa mai garuwa."

Wannan gwajin kowa na iya yin irinsa a ɗakinsa da safe kafin ya karya, da kofi da agogo da sirinjin awo. Shi ke raba masu bushewar baki gida biyu, kuma abin da ya dace da gida ɗaya asarar kuɗi ne a ɗaya gidan.

Lafiyayyen mutum yana samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, ledar fiya-wata ɗaya zuwa uku ke nan, yana haɗiyewa bai ma sani ba. Manyan maɓuɓɓugansa shida ne, uku a kowane gefe: ta gaban kunne inda hangum ke kumbura wa yara, ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta ƙarƙashin harshe. Ga kuma ƙanana ɗaruruwa a leɓe da kunci da ganɗa. Kashi 99 cikin ɗari na yawu ruwa ne. Ɗan ragowar nan shi ke aikin: yauƙin da ke sa lomar tuwo ta zame, sinadarin da ke kashe kaifin tsami bayan cin abinci, kalsiyam da fosfet masu faci a jikin haƙori, da masu tare ƙwayoyin cuta. Yawun kwalba santsin yake kwaikwaya, wani ya ƙara da ɗan gishiri-gishirin. Sauran aikin babu kwalbar da ke yin sa cikakke, ko me aka rubuta a jikinta.

Na Umma daga magani ne, kuma mafi yawan mutane nasu ke nan. Tana shan amitiriftilin saboda zugin ƙafa na ciwon suga, tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, sannan kusan kullum da dare sai ta aiki yaro kemis ya sayo mata 'yar ƙwayar mura mai sa barci. Kowanne yana rage yawu, balle an haɗa uku. Magungunan da ke busar da baki ɗaruruwa ne, kuma da yawansu sanannu ne a kantunanmu: Piriton, Buscopan, Artane, Largactil, tiramadol, magungunan riƙe fitsari, da yawancin na damuwa. Likitanta ya cire ƙwayar murar, ya rage amitiriftilin, ya matsa mata a kan daidaita suga, domin suga in ya hau shi ma yana janye ruwan jiki. Rabin matsalar a nan ta tafi, ba a sayi komai ba. Amma likita ne ya taɓa magungunan. Wanda ya ajiye maganin hawan jini da kansa don bakinsa ya jiƙe ya gudu daga ruwa ne ya faɗa wuta.

Kawu kuwa ciwon daji aka samu a bayan hancinsa, aka yi masa gashi da na'ura sati bakwai. Irin wannan gashi yakan kai 66 zuwa 70 a ma'aunin Gy, awon yawan hasken da na'urar ta zuba, alhali maɓuɓɓugar gaban kunne in rabonta ya wuce 26 da wuya ta dawo daidai. Sababbin na'urori suna iya karkatar da hasken su raga mata, kuma wasu sukan ɗan farfaɗo cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Akwai dalili na uku da ya kamata a ambata, ciwon Shogiren, wanda a katin asibiti za ka ga an rubuta Sjögren, sunan likitan ido ɗan Suwidin da ya bayyana shi a 1933. A nan garkuwar jiki ce ke afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye. Mata tara ake samu kafin namiji ɗaya. Matar da bakinta ya bushe, idonta kuma kamar an zuba yashi, ga ciwon gaɓoɓi, gwajin jini take buƙata kafin kwalba.

To, mai ruwa a rijiya me zai yi? Ya ja abinsa. Tauna tana ninka zubar yawu sau uku zuwa biyar, farkon fara ta ma fiye, kuma abin da ke fitowa yawun gaske ne da duk kayan aikinsa. Cingam marar suga ya fi komai araha da sauƙin samu, musamman mai zailitol, wanda a kwali za ka ga an rubuta xylitol. Zaƙi ne da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ba sa iya ci. In an cika shi da yawa yana kumbura ciki, yana sa zawo, kuma guba ne ga kare, ga mai kare a gida.

Sai dai Umma ta ce atafau. "Ni da girmana in zauna cikin surukai ina ƙas-ƙas kamar wata budurwa? Allah ya kiyaye." Ba ta yi ƙarya ba, cingam a bakin dattijuwa ba ya kyan gani a wurinmu, kuma mai haƙoran roba yana manne masa. Muka yi sulhu. A ɗakinta bayan cin abinci tana tauna na minti goma zuwa ashirin. In da baƙi, ƙwallon dabino take wankewa ta jefa a baki tana juya shi, ba wanda ya sani. Duk abin da harshe ke wasa da shi yana kiran yawu. Ga kuma aswaki, wanda dama ba ya rabuwa da ita. Ƙwallon dabinon zama ake yi da shi, ba a kwanciya, kuma ba a ba tsohon da ya fara rikicewa ko mai wahalar haɗiya.

Abin da ta riga ta gano da kanta kafin mu je asibiti shi ya fi yi mata ɓarna. Alewar minti take tsotsa daga safe har dare, tana da ciwon suga fa, in ta ƙare ta koma tsamiya ko ɓarin lemon tsami. Suna kawo yawu, babu musu, tsami ma ya fi komai kawo shi. Amma fatar haƙori tana fara zaizayewa in tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, ma'aunin da ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, saiwar haƙori kuwa tun yana sama da 6 take farawa. Tsamiya da zoɓo da lemon tsami da lemon kwalba duk ƙasa da 4 suke. A baki mai yawu, cikin kamar rabin awa an wanke tsamin. A busasshen baki zama yake yi daram. Likitar ta nuna mini wuyan haƙoran Umma, daidai inda suka haɗu da dasashi, an zagaye su da wani baƙi-baƙi mai laushi. Mace ce da ta haura sittin ba ta taɓa cike haƙori ba, cikin shekara biyu huɗu suka lalace. Goro ma kada a ruɗu da shi. Taunarsa na kawo ɗan yawu, amma baurinsa na ɗaure baki daga baya. Haka shayi mai kauri. Sigari da tabar baki ba sai an faɗa ba.

Na ba Umma wancan feshin wata uku a banza, ita da maganinta ke cikin bakinta. Yanzu sai mu dawo kan mai buƙatar mai garuwa, domin a nan ne zaɓin ke da wuya, kuma a nan kuɗi ke tafiya.

Kayan da ake sayarwa, in ka kawar da sunaye da launin kwali, kaurinsu ne ya bambanta su. Mafi tsinkewa shi ne na feshi. Yawanci ruwa ne da aka ɗaure da wani gari mai yauƙi da ake samu daga tsirrai, a jikin kwalba za ka ga CMC, aka zuba gishirin da ke cikin yawu. Saliveze da Xerotin irinsa ne. Kyansa yana shiga aljihu, ba ya canza magana, ana iya fesawa a tsakiyar taro. Kawu malamin Islamiyya ne, da bakinsa yake ci, saboda haka da rana feshi ne abokinsa. Aibinsa ba ya daɗewa. In yana shiru yakan kai rabin awa, in yana biya wa yara karatu minti goma sun yi yawa. Kwalba ɗaya ba ta yi masa sati biyu. Da farko ma ɓarnatarwa yake yi, yana fesawa can cikin maƙogwaro yana haɗiyewa. Tsakanin kunci da dasashi ake fesawa, dama da hagu, sai ƙarƙashin harshe, a bi da harshe a shafe ko'ina.

Abu biyu ake dubawa a kwalbar feshi kafin a biya. Na farko tsami. Akwai wani tsohon feshi mai suna Glandosane da tsaminsa ke wajen 5, har likitocin Ingila suka riƙa gargaɗin kada a ba mai haƙoransa na gaske. Ga wanda ya koma haƙoran roba gaba ɗaya wannan ba damuwa ba ce. Ga mai haƙori kuwa, abin da zai fesa sau ashirin a rana dole ya zama ba tsami, kusa da 7, in da hali ma mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. In an rubuta ɗanɗanon lemo, a ƙara dubawa.

Na biyu ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera shi. Feshin da ya fi kama da yawun gaske a santsi shi ne wanda aka yi da yauƙin jikin dabba, kuma sanannen cikinsu, Saliva Orthana, daga tumbin alade ake samun nasa. Ba su ɓoye ba, yana rubuce a takardar ciki da kalmar porcine. Ba shi da tsami, yana da fuloraid, masu amfani da shi da yawa suna yabawa. Amma wanda ɗansa ko ƙanensa zai aiko masa da kaya daga Turai ya ce a karanta masa takardar tukuna. Kawu, da na gaya masa akwai irin wannan, cewa ya yi lalura tana halatta abu ne in babu madadinsa, wannan kuwa madadinsa cike da kanta. Daga ranar ba ya buɗe kwalba sai na zauna na karanta masa abin da ke ciki layi-layi. BioXtra da Oralieve su kuma suna da sinadaran da aka ciro daga madara, wani har da ƙwai, don su kwaikwayi masu kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin yawu. Ba haramci a nan, sai dai wanda jikinsa ba ya karɓar madara ko ƙwai ya kiyaye.

Jel shi ne mai kauri, a bututu yake zuwa kamar man goge baki, kuma wanda aka fi gani a manyan famasi shi ne Biotène. Gilisarin ne da abin ɗaurewa da zaƙi marar suga. Ana matso kamar ƙwayar wake a tsaftataccen yatsa, a shafe ganɗa da dasashi da cikin kunci da harshe. Mai haƙoran roba ya shafa a ƙarƙashinsu kafin ya sa, yana rage gurzawa. Da rana mutane da yawa ba sa son sa, baki yana danƙo, magana tana nauyi. Da dare kuwa ba shi da na biyu, saboda ko lafiyayye in ya yi barci yawunsa kusan tsayawa yake yi, balle mai kwana da baki buɗe. Kawu da yakan tashi sau biyar ko shida ya kurɓi ruwa, sannan ruwan ya tashe shi fitsari, ya koma tashi sau ɗaya ko biyu. In da za a ce mini kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, jel zan saya masa, a bar shi don dare, bututu ɗaya sai ya yi wata. Barcin da ya samu ya fi duk wani sauƙin da feshi ya ba shi. A riƙa goge tsohon da ɗan ƙyalle mai laima kafin a shafa sabo, in ba haka ba yana taruwa ya yi ɓawo a ganɗa.

Ruwan kurkurar baki na masu bushewar baki yana tsakanin biyun, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin riba: kwalba babba, tsada, kuma rabinsa tofarwa ake yi. Na gama-gari mai yaji, wanda akwai barasa a ciki, ƙara busar da baki yake yi.

Akwai wasu iri biyu da ba a cika gani a nan ba amma sun cancanci a san su. Ɗaya feshi ne na mai, irin Aquoral, wanda ke shimfiɗa siririn maiƙo a kan fatar baki ya hana laima tashi. Ɗayan 'yar ƙwaya ce mai suna XyliMelts, ana manna ta a dasashi ta ɓangaren kunci, ta yi ta narkewa a hankali tsawon awanni, har a cikin barci. Zailitol ne a ciki, abin da ke manna ta kuma ƙaro ne. Ƙaron nan dai da ake tsinka a dajin Yobe da Borno da Jigawa da Chadi, wanda Sudan ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Kawu ya yi dariya har da tari da ya ji haka, ya ce ashe abin da yake zubawa a tawada ne aka kai Amurka aka sa masa riga. Ita wannan ƙwaya ta fi dacewa da mai ɗan sauran yawu, domin tana buƙatar laima kafin ta narke.

Wanne ya fi a cikinsu duka? A 2011 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci tana tacewa, ta duba gwaji 36 da aka yi a kan mutum 1,597. Ba ta sami ƙaƙƙarfar hujjar cewa wani abin fesawa ko shafawa yana kawar da bushewar baki ba. Feshin mai ya fi na ruwan gishiri da kamar maki biyu cikin goma. Cingam yana ƙara yawu ga mai sauran ƙarfi, amma ba a ga ya fi yawun kwalba ko ya gaza shi ba wajen sauƙin da mutum ke ji. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne kada tsada ta ruɗe ka. Sayi ƙarami, gwada sati biyu, in bai karɓe ka ba ka canza iri, daga mai CMC zuwa mai gilisarin ko mai maiƙo. Kada ka sayi katan don wani ya ce ya yi masa. Duk kayan nan daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, kuma yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25. Kantin da ke da rufin kwano a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ya wuce 40. Duba ranar lalacewa, duba lambar NAFDAC, in jel ya rabu ruwa daban kauri daban ka bar musu abinsu.

Wanda ba shi da halin na kanti fa? Ruwa yana nan, amma kurɓa ake yi a juya a baki, ba kwankwaɗa ba. Ruwa ba shi da yauƙi, minti biyu ya tafi, kuma mai bushewar baki ba lallai ne jikinsa na buƙatar ruwa ba. 'Yar kwalbar feshi sabuwa da aka cika da ruwa mai tsafta ta fi gora amfani, tana jiƙa baki ba ta cika mara. Ga mai yawu mai kauri irin na Kawu, cokalin shayi ɗaya na bekin soda da ɗaya na gishiri a lita ɗaya na dafaffen ruwa, a kurkure a tofar, yana tsinka kaurin yana kashe tsami. Sabo ake haɗawa kullum. Bekin soda na ce, ba hodar yin kek ba, ita akwai tsami a cikinta, kuma ba kanwa ba, ƙarfinta ba shi da awo. Ɗigo biyu na man zaitun a shafa a ganɗa da kunci kafin barci yana yin kusan rabin aikin jel. Shafawa ake yi, ba a cika baki da mai a kwanta. Leɓe kuma man kaɗanya ya ishe shi.

A wajen abinci mu Hausawa mun yi dace. Miyar kuɓewa, karkashi, lalo da kuka duk yauƙi ne, kuma yauƙin nan shi ne abin da bakin ya rasa. Kawu da ya yi watanni yana kan kunu da koko, da tuwo mai laushi da miyar karkashi ya dawo cin abinci. Gurasa, ƙuli-ƙuli, kilishi da dambu sai an jiƙa su sosai ko a haƙura. Yaji kuwa, bakin da ba yawu kamar a zuba shi a gyambo ne.

Saura ƙwaya. Filokafin, wanda ake sayarwa da sunan Salagen, daga ganyen wani tsiro na Barazil aka samo shi, kuma Amurka ta amince da shi don masu gashin kai da wuya a 1994, don masu Shogiren a 1998. Miligiram 5 ake sha, sau uku a rana ga na farko, sau huɗu ga na biyu. Akwai ɗan'uwansa Evoxac da ya fito a 2000 don masu Shogiren. Filokafin ba ya kawo yawu daga waje, matsa wa maɓuɓɓugan yake yi su fitar da abin da ya rage, saboda haka in sun mutu murus ba abin da zai tatso. Kowace ƙwaya awa uku zuwa biyar take aiki, kuma sai an yi wata biyu zuwa uku ana sha kafin a yanke hukunci ko ya yi. Matsalarsa ba yawu kaɗai yake kira ba, har da gumi. Kusan mutum uku cikin goma suna jiƙewa sharkaf, ga yawan fitsari, ga murɗar ciki. A ƙasar sanyi wannan ɗan damuwa ne. A watan Afrilu a Kano, ga dattijo mai shan maganin sa fitsari, magana ce babba. Mai asma da ba ta lafa ba, da mai wani nau'in hawan jinin ido, ba a ba su, mai ciwon zuciya kuma sai likita ya auna. Akwai filokafin na ɗigawa a ido a kemis. Kada wani ya ji labari ya je ya ɗiga a baki da kansa, 'yan ɗigo kaɗan sun kai ƙwaya guda.

Duk wanda ka zaɓa a cikin waɗannan, akwai kuɗin da ba a tsallakewa, na haƙori. Jel da feshi suna sa baki ya ji daɗi, amma ruɓa tana ci gaba a ƙarƙashi. Man goge baki mai fuloraid 1450 shi ne mafi ƙanƙanta, lambar tana bayan bututu kusa da haruffan ppm. Likitan haƙori na iya rubuta wa babba mai 5000. A goge sau biyu da buroshi mai laushi, a tofar da kumfar, kada a bi da ruwa. In man yana ƙona baki, a nemi wanda babu SLS, sinadarin da ke sa kumfa. A ga likitan haƙori duk wata uku zuwa shida. Wanda aka yi wa gashi a muƙamuƙi kuma kada ya kuskura ya kai bakinsa wurin mai cire haƙori na kasuwa, ƙashin da ya sha gashi yana iya ƙin warkewa ya fara mutuwa. In harshe ya yi fari kamar an shafa kindirmo, ko ya yi ja yana raɗaɗi, ko gefen baki ya tsage ya ƙi haɗewa, yawanci ƙwayar cutar da ake kira kandida ce ta samu wuri. Maganinta daban ne, kuma sai an kashe ta jel zai daina zafi.

Hunturu shi ne lokacin da ya fi wahalar da su. Hanci ya toshe da ƙura, a koma numfashi da baki, iska kuma ba laima ko kaɗan. Muna ɗiga wa Kawu ruwan gishiri a hanci kafin ya kwanta, mu rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da gadonsa, mu kawar da fanka daga saitin fuskarsa. Jel ɗin da ke yin wata a damina, a hunturu sati uku ne.

Azumi kuwa shi ya yi wa kansa fatawa, tunda fagensa ne. Bayan sahur, da sauran lokaci kafin alfijir, yana goge baki ya shafa jel. Da rana ba feshi, domin ya ce abin da ke da ɗanɗano kuma yake gangarawa maƙoshi ba ya wasa da shi. Kurkura yake yi ya tofar, ya riƙe busasshen aswaki, wanda a mazhabar Malikiyya ya halatta yini guda. Darasin hantsi ya mayar da shi bayan tarawihi. Bara ya kai goma sha tara a haka, sai bakin ya tsattsage har yana jini, likita ta ce ya isa, ya sha sauran ya rama a damina.

Yanzu in ka leƙa ajinsa da yamma za ka ga 'yar kwalbar a kan buzu kusa da tawada. Yakan ja aya uku ko huɗu, ya tsaya a kan waƙafi, ya fesa dama ya fesa hagu. Yaran sun saba, ba mai ɗaga kai, sukan maimaita ayar ƙarshe har ya dawo. Umma kuwa ta bar gorar a kicin tun bara. Ƙwallayen dabinonta suna cikin wani ɗan gwangwanin madara a kan taga, kuma ranar da jikarta ta zubar da su a shara tana zaton datti ne, sai da gidan ya ji.